Tokar da Na Kakkaɓe

Ni 'yar manomin shinkafa ce, kuma har yau in aka zubo mini shinkafa sai na tsinci ƙwaya ɗaya na juya ta a yatsa kafin in kai loma baki. Mutane suna yi mini dariya. Su yi ta yi. Ni na san abin da nake nema, na kuma san ba zan same shi ba.

Babana yana da wata shinkafa da ya gada a wajen mahaifinsa. Ja ce, mai gajeriyar ƙwaya, ba ta da wani kyan gani. In ka ajiye ta kusa da 'yar waje sai ka ce 'yar ƙauye ce ta je biki birni. A gidanmu mai-bin-ruwa muke ce mata, don in kogi ya cika ya malalo fadama ita ba ta nutsewa. Ruwa na tashi, tana tashi, har wata shekarar sai an shiga kwalekwale ake yankan ta. Ba ruwanta da takin zamani. Ba ta cika buhuna da yawa, wannan kam gaskiya ne, amma ba ta taɓa barin mu da yunwa ba. Masu waina da masu tuwon sayarwa na garuruwan da ke kewaye da mu duk sun san ƙofar gidanmu saboda ita, don tana da danƙo, in ta nuna kuma har maƙwabta sai sun san mun ɗora tukunya, don ƙamshi.

Akwai ƙa'ida ɗaya a gidanmu da ko yaron goye ya tashi da ita. In an yi bugu an sheƙe, kafin mata su taɓa ko ƙwaya, Baba zai ware na iri. Ya sa a tankaɗo masa tokar murhu, ya cuɗa shansherar da ita, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta, har ta yi furu-furu. Tokar tana korar ƙwari, amma babban aikinta shi ne magana. Duk macen da ta buɗe buhu ta ga toka ta san wannan ba ta tukunya ba ce, ko da a ce yunwa za ta kashe mu. Wadda babu toka kuwa ta mata ce: su jiƙa, su turara, su shanya, su cashe a turmi. Shinkafar da ta sha tururi kuma ta mutu ke nan, ba za ta ƙara tsirowa ba. Bayan haka sai Baba ya raba irin, ƙulli nan ƙulli can a gidajen 'yan'uwa, yana cewa iri ba ya kwana a ɗaki ɗaya.

Da na samu tallafin tafiya Manchester karatun digiri na uku a kan tattalin arzikin noma, Baba ya biyo ni har Kano don yin sallama. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Ya ciro wani ƙulli a tsohon ƙyalle daga aljihun rigarsa, bai wuce cikin tafi biyu ba.

"Uwata, ajiye mini wannan a can. An ce ƙasar sanyi gare ta. Iri yana son sanyi."

Na karɓa da hannu biyu, ina dariya a zuci. Ni da za ni inda ake koyar da duniya yadda ake noma, ga shi an haɗa ni da ƙullin shanshera.

Da safen da zan tashi, 'yan gidan da na sauka suka cika mini kunne da labarin masu binciken kaya a filin jirgin Ingila: wai har da karnuka, wai in suka ga gari a jakarki sai kin yi bayani har bakinki ya bushe. Na kwance ƙullin, na ga toka furu-furu. Da wane Turancin zan gaya wa Bature cewa wannan tokar murhun gidanmu ce? Na ari faifai na fita tsakar gida na bakace ta tas, na goge da tsumma, na juye a gwangwanin madara na rufe. Raina ya ɗan sosu, amma na ce ai toka toka ce. Abin haushi, da na sauka ko kallon jakata ba wanda ya yi.

Na samu ɗaki a unguwar Hulme, kusa da jami'a. Shekarun nan ne da gwamnatin Ingila ta ɗaure bakin aljihu. Council, wato ƙaramar hukumar birnin, na rufe wannan, yana rage wancan, matar da ke zaune a ƙasan benenmu aka sallame ta daga aiki bayan ta yi shekaru tana share ofisoshinsu. Ni dai ban damu sosai ba a lokacin. Ina da tebur, ina da kwamfuta, ina da kai mai hayaƙi.

Teburin da ke kallon nawa na wata 'yar Thailand ne, siririya, mai yawan shiru. Ranar da na ga hoton da ta manna a bango, wani dattijo tsaye cikin ruwa har gwiwa, na ce mata wannan ai babana ne, hular ce kawai ta bambanta. Ta yi dariya har da hawaye. Tun daga nan muka ƙulle. Ita ma 'yar manomin shinkafa ce, kuma dukanmu biyu a kan shinkafar ƙasarsu muke bincike: ita daga gona zuwa jirgin ruwa, ni daga jirgin ruwa zuwa kasuwanninmu, don a lokacin buhun 'yar Thailand ya zama ɗan gida a kowane shago a Kano.

To a wannan tsakanin ne gwamnatinsu ta fito da wani shiri. Ta ce duk manomin da ya kawo shinkafarsa za ta saya da tsadar da ta fi ta kasuwa, ta zuba a rumbunanta ta rufe. Dabarar ita ce, tunda su ne kan gaba wajen sayar wa duniya shinkafa, in suka riƙe tasu duniya za ta ji a jikinta, farashi ya tashi, sannan su buɗe rumbu su kwashi riba. Mahaifin ƙawata ya yi murna, har ya sake rufin gidansa. Ita kuwa ba ta yi ba. Ta ce mini, "Shinkafa ba zinariya ba ce. A rumbu tsufa take yi."

Ban saurare ta ba. Ni idona na kan wani abu daban. Ga Thailand ta riƙe tata, ga gwamnatinmu a gida ta ƙara harajin shigo da shinkafa. Na zauna na haɗa ɗaya da ɗaya: 'yar waje za ta gagari talaka, mutanen birni kuma bakinsu ya saba da doguwa fara, to duk manomin gida da ya noma doguwa fara ya warke. Na rubuta wannan a takarda, malamina ya yaba. Kai, ranar ban taka ƙasa ba.

Ranar Juma'a na kira Baba, don ranar ce muke waya, bayan an sauko daga masallaci. Na zayyana masa komai, ina yi ina jefa Turanci don abin ya ƙara nauyi. Na ce ya nemi sabon irin nan mai doguwar ƙwaya da malaman gona ke rabawa, ya shuka shi a fadamar gaba ɗaya.

Ya ce, "Uwata, ita kuma ta gida fa?"

"Haba Baba, wa ke cin jar shinkafa yanzu? Ka bar ta ta huta."

"Ko gefe ɗaya kada in bar mata?"

"Ko gefe ɗaya. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Shekara biyu kawai ka ba ni, ka ga aiki."

Sai na ji ya yi 'yar dariyar nan tasa. "An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To amma ke ba rimi kika hau ba, jirgin sama kika hau. Shi ke nan, za a yi."

Abin da ban lissafa ba, a garinmu Baba ake kallo. Da aka ji cewa 'yarsa da ke karatun shinkafa a Ingila ce ta ce a canza iri, kowa ya bi. Waɗanda yake bai wa ajiya suka ga mai abin ma ya juya mata baya, to su me za su yi da ita? Wasu suka wanke tokar suka bai wa mata, wasu suka watsa wa kaji. Shi dai Baba ya bar buhu ɗaya cuɗe da toka a kusurwar rumbu, bai gaya mini ba.

Shekara ta biyu tallafinmu ya fara tangal-tangal. Hukumar da ta turo mu sai ta yi watanni ko sannu, in ka kira a ce ana kan aiki. Na bar Hulme na koma Gorton, wani ɗaki a bayan gida mai araha, bangonsa kullum a jiƙe, takalmi ma in ka bar shi sati sai ya yi funfuna. Na ga kayana za su lalace, sai na ɗaure kwalaye uku na kai Birmingham wajen Goggo, ƙanwar Baba. Ɗanta likita ne a can, shi ya ɗauko ta daga gida ta riƙa kula masa da yara. Gwangwanin madarar yana cikin kwali na biyu, tsakanin zannuwa. Wallahi ko a raina ban kawo shi ba, balle in ce mata ga abin da ke ciki.

Na samu aikin ƙarshen mako a gidan kula da tsofaffi. Wani lokacin in abin ya yi tsanani nakan bi layin food bank, inda ake raba abinci kyauta, a wani coci kusa da kasuwar Gorton, ina jan mayafi don kada wani ɗan gida ya gan ni. Ranar farko da na buɗe ledar da aka ba ni, me zan gani? 'Yar ƙaramar ledar shinkafa, an rubuta daga Thailand. Na ce to, sannu da zuwa, har nan ma kin biyo ni.

Daga nan lissafina ya fara warwarewa, a gaban idona, a kan kwamfutar nan da na yi shi. Duniya ba ta jira Thailand ba. Indiya ta buɗe nata rumbun, wasu ƙasashen suka biyo baya, masu saye suka juya can. Shinkafar Thailand ta yi ta taruwa a rumbunan gwamnati, tana tsufa kamar yadda ƙawata ta faɗa, har baitulmali ya kasa biyan manoma. Mahaifinta ya kai tasa, aka ba shi takarda, ya yi ta jiran kuɗinsa. Sau da yawa nakan shigo ofis in tarar da ita ta kifa kai a tebur, in ajiye mata shayi in koma wurina.

Da gwamnatinsu ta gaji ta buɗe rumbunan, ta shiga sayarwa ko nawa ne. Ina za a kai tsohuwar shinkafa? Wajenmu mana. Harajin da na dogara da shi kuwa, ashe katangar zana ce. Jiragen ruwa suka riƙa saukewa a tashoshin maƙwabtanmu, 'yan babur na shigo da ita ta daji buhu bibbiyu, har kasuwar garinmu. Fara sol, ba tsakuwa, ga araha. Wa zai sayi ta Baba, wadda kwaikwayon 'yar waje take yi, alhali ga 'yar wajen kanta a farashin banza? Masu waina da masu tuwo kuma suka ɗauke ƙafa daga gidanmu, don sabuwar ba ta da danƙo. Ni da na san farashin shinkafa a tashoshin ruwan duniya, ban taɓa zama na tambayi kaina me ya sa matan nan suke zuwa ƙofarmu ba. Garin neman gira na sa aka rasa ido.

Baba bai taɓa ce mini ke kika ja ba. Ko sau ɗaya. In na kira sai ya ce, "Ana nan ana haƙuri, ya sanyi?" Wannan haƙurin nasa ya fi zagi ciwo, na rantse.

Damina ta uku kogi ya cika ya malalo. Sabon irin gajeren kara gare shi, bai san bin ruwa ba. Kwana huɗu fadamar ta zama tafki, da ruwa ya janye ba a samu abin yanka ba.

Bayan wata biyu, wata Juma'a, shi ya kira ni, abin da ba ya yi don tsadar kati. Ina tsaye a tashar bas, ana yayyafi.

"Uwata, ina so in koma wa ta gida."

Na ce, "Ka koma mata, Baba. Don Allah ka koma mata."

"To ai nan gizo ke saƙa." Ya gaya mini zancen buhun da ya ɓoye. Ya ɗibi kaɗan ya jiƙa a tsumma, ya jira mako guda, ko ɗaya bai tsiro ba. Ya sake, haka. Iri in ya yi damina uku bai ga ƙasa ba a zafin garinmu, ya mutu a tsaye. Ya bi gidajen 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, ya hau mota ya je ƙauyukan gaba, babu. Sai ya sassauta murya, kamar mai roƙon abin da ba nasa ba.

"Wancan ƙullin da na ba ki a Kano, yana nan kuwa?"

Bas ɗina ta zo ta wuce, ban ma ɗaga hannu ba. Na ce, "Yana nan, Baba! Wallahi yana nan, yana wajen Goggo!"

"Alhamdu lillahi. Cikin tafi biyu ya isa. Damina mai zuwa in shuka a bayan gida in samu kwano, ta gaba in samu buhu. In Allah ya ba ni shekara huɗu, fadamar ta dawo."

Wannan karon ilimina yana tare da shi: iri in ya samu sanyi da bushewa yana daɗewa da rai. Na gaya wa ƙawata, ta kama hannuna biyu tana tsalle, ita da ba ta yi dariya ba wata da watanni. Ta ce in ware ƙwaya goma in gwada a jiƙaƙƙen tsumma kusa da hita, sauran kada in bari su ji ɗumi. Na nemo wani injiniya ɗan garinmu a unguwar Old Trafford da zai je gida kafin faɗuwar damina, ya ce ko a aljihu zai kai. Ban kira Goggo ba. Na ce gara in je da kaina ta gan ni kwatsam, mu yi murnar tare.

Ranar Talata na hau motar safe zuwa Birmingham. Na tarar yaran suna makaranta, iyayensu suna wajen aiki, Goggo ita kaɗai a falo da carbi, ta sa rigar sanyi a kan atamfa. Ita ma Uwata take ce mini. Ta rungume ni tana faɗan na rame, wai ko 'yan Manchester ba sa dafa abinci ne. Ban bari mun gama gaisawa ba na ce, "Goggo, kwalayena fa?"

Sai fuskarta ta washe. "Af! Kin ɓata mini shiri. Na so sai ranar da kika gama karatu. Zauna nan, kada ki motsa."

Ta shiga kicin, na ji tana jan kujera tana hawa. Ta fito rungume da wata kwalba, ta ɗora mini a cinya. Shinkafa ce a ciki, ja, gajeriya, an cashe ta tas, ko ɓawo ɗaya babu.

Ban gane ba da farko. Ko kuma na gane, zuciyata ce ta ƙi.

Goggo kuwa sai zuba take. Wai bara aka zo gyaran tukunyar ruwan zafi, aka fito da kwalayen, gwangwanin ya faɗo murfin ya buɗe. "Ina ganin ta na zauna a ƙasa na yi ta kuka. Shekara nawa rabona da mai-bin-ruwa? Na ce Allah sarki, tsaraba Yaya ya ba ta, ita kuma 'yar boko ba ta san yadda ake yi da shanshera ba. Na jiƙa ta kwana ɗaya, na turara a madambacin matar gidan, na shanya a kan hita. Da turmin dakan yaji na cashe ta, kaɗan-kaɗan, kwana biyu ina yi, yaran nan suna ta tsiya da Turancinsu na hanci wai ina damun maƙwabta. Ko ƙwaya ban ɗanɗana ba, Uwata. Na ce sai kin zo."

Ina da zuciya, kowa ya sani, kuma ranar ta ci ni. Na miƙe tsaye na ɗaga wa ƙanwar ubana murya. Na ce wa ya aike ta? Wa ya ce ta taɓa mini kaya? Na ce iri ne, iri ne na ƙarshe, babu sauran ko ƙwaya a duniya, Baba yana can yana jira, ta kashe shi a tukunya! Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai na nemi gafara.

Ba ta ce mini ba ni da kunya ba. Ta dafa hannun kujera ta zauna a hankali, carbin ya zame ƙasa. Ta ce, "Babu toka."

Na ce, "Me?"

"Babu toka, Uwata. Na duba. Na murza a tafina, na juye gwangwanin na leƙa har gindinsa, na shafa da yatsa. Ni 'yar gidan ce fa. Yaya ba ya ba da iri babu toka. Da na ga ko ƙurarta, wallahi da hannuna ya guntule kafin in kai ta ruwa."

Sai ga tsakar gidan nan na Kano a idona, ga faifai a hannuna. Na durƙusa a gabanta na ce, "Goggo, ni ce. Ya sa toka. Ni na kakkaɓe."

Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, muka yi ta kuka, ita tana cewa ya isa, alhali nata ya fi nawa ƙarfi. Da muka natsa na je na zazzage kwalin, na kakkaɓe zannuwan ɗaya bayan ɗaya ko wata ƙwaya ta maƙale. Na duba inda gwangwanin ya faɗi. An share wurin ya fi sau ɗari tun bara.

Bayan azahar na kira Baba. Goggo ta ce ta karɓa ta yi masa bayani, na ce a'a. Na gaya masa komai, tun daga faifan, ban rage ba. Ina jin kukan akuya a bayansa.

Ya ce, "Ita ta turara da hannunta?"

"Ita ce, Baba."

"To ta turaru da kyau ke nan. Hannun Innarmu gare ta." Ya yi gyaran murya. "Kada ki ƙara yi mata faɗa. Ƙa'ida ta bi."

"Baba, ka yafe mini. Ni na ce ka bar ta, ni na..."

"Uwata. Ku dafa."

"Na'am?"

"Ku dafa ta yanzu. Kada ku cika mata ruwa, kin san ba ta so. In ta nuna ki kira ni, ina so in ji ko ƙamshin yana nan."

Goggo ce ta ɗora, ni na kasa. 'Yar ƙaramar tukunya, wadda ake dafa wa yara ƙwai. Ba mu sa komai ba sai gishiri. Muna tsaye a kanta mu biyu har ta fara tsotsewa. Sai ƙamshin ya taso ya cika kicin ɗin, ya fita falo. Tsakar gidanmu ce sak, da hantsi, lokacin kaka. Goggo ta toshe baki da gefen mayafi.

Na sake kira. Bugu ɗaya ya ɗauka, ashe wayar tana hannunsa.

"Yana nan?"

"Yana nan, Baba. Har falo."

"Madalla," in ji shi. "Madalla."

Sai bakina ya suɓuce na yi tambayar da muke yi kullum. "Ku me aka dafa yau a gida?"

"'Yar Thailand, Uwata. Ita ce mai araha. Ku je ku ci kada ta huce. Ku yi bismilla, kada ku bar ko ƙwaya."

Goggo ta juye ta a faranti ɗaya, ba ta ma rufe tsakiyarsa ba. Muka zauna a ƙasa muka sa hannu. Ba mu bar ko ƙwaya ba.